Shofer a Kan Amalanken Baffa Siddo

Da farko na yi niyyar in haɗiye labarin nan. Mutumin da ya saba ba ku labarin Agadas da Diffa da Yamai, a ce yau ya zauna yana ba da labarin Guci, garin da in ka yi sammako za ka ci abincin rana a cikinsa? Amma tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali a fadar nan. Wannan ya ce an gan ni a kan amalanke, wancan ya ce ƙarya ne, Bukar ko jaki bai taɓa hawa ba. To ku gyara zama. An gan ni, kuma ni ne.

Kun san furojen nan na masu aikin agaji da nake yi wa tuƙi ya rufe tun kafin damina ta faɗi. Ba faɗa, ba laifi. Shef, wato shugabanmu, ya tara mu a biro, ofishinsa ke nan, ya ce masu ba da kuɗin sun juya wani wajen, ya yi mana godiya, muka yi musabaha, na ajiye makulli a kan tebur na fito. Shekara ashirin da ɗoriya ina yawo da makullin mota a aljihu. Har yau in na miƙe tsaye sai hannuna ya shafa wurin.

Damina guda na yi ina tashi da asuba, in yi wanka, in sa kaya masu guga, sannan in zauna a zaure ina gaida masu wucewa gona. Matata Maman Zara ba ta taɓa ce mini uffan ba. Miya dai ta fara tsinkewa, buhun gero yana ta durƙusawa a lungu, ita kuma sai ta riƙa jingina tabarma a gabansa don kar in gani. Tabarmar nan ce ta tashe ni. Da aka fara yankan gero na ce mata zan fita, kuma ba zan dawo ba sai da aiki a hannuna. Ta ce in dai dawo.

Ina da wani Alhaji a Maigatari, mai manyan motoci. Shekarun baya na tarar da shi a hanyar Tanut, kamiyonsa ya mutu, ruwan shansu ya ƙare, na ɗauko shi har Damagaram. Da za mu rabu ya riƙe hannuna ya ce duk ranar da na gaji da Turawan nan in zo, mota tana jirana. Ni kuwa na ninke maganar nan na ajiye kamar rigar Salla. Wajensa na nufa.

Matsala ta farko tun a tashar Magariya ta same ni: ashe ban iya zama fasinja ba. Aka ba ni gaba don girmamawa, mu biyu a kujera ɗaya, ni da wani mai sayen gyaɗa ɗan Bande, mutum mai jiki, Allah ya ƙara masa. Shoferen matashi ne, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da salula. Duk ramin da na hango sai ƙafata ta taka birki da kanta, birkin kuwa ƙafar ɗan Bande ce. Ya yi haƙuri, ya ƙara haƙuri, daga baya ya tattara ƙafafunsa ya naɗe a kan kujera, ya ce in ci gaba da tuƙina, shi ya ba ni hanya. Shofer ya waigo ya ce, “Baba, in taimako za ka yi, yi mana addu'a. Birki yana wajena.” Na kama bakina. Sau ɗaya kawai na ƙara magana, lokacin da na ji injin yana kuka yana roƙon a canza masa giya. Wannan kam ko gaban alƙali ba zan ba da haƙuri ba.

A Dungas na ci dambu da zogale a rumfar wata mata da ta san ni, don mun sha tsayawa wajenta da farar mota. Tana zuba mini tana leƙen bayana. Ta ce ina motar? Na ce tana gareji. Ba ƙarya na yi ba, tana can, ba tawa ba ce dai kuma. Ta ƙara mini mai da albasa kamar yadda ta saba yi wa mutanen furoje, na ci ina jin kamar na sato.

Daga nan kabu-kabu na hau zuwa iyaka. Na ratsa iyakoki da yawa a rayuwata, amma kullum da takardar aiki a jikin gilashi, a ɗaga mini hannu in wuce. Wannan karon sauka na yi na bi layi da masu awaki. Jami'in ya karɓi kartina na shaida, ya dubi hoto, ya dube ni, ya ce sana'a fa? Kalmar tana rubuce a gabansa, amma bakina ya ƙi faɗinta. Na ce da dai shofer ne. Ya ce yanzu fa? Na ce yanzu fasinja. Ya yi dariya ya miƙo mini kartin, ya ce Allah ya sa a dace, shi ma wansa haka yake zaune tun bara.

Kuna tsallakawa sunanku ya canza. Can ni direba ne, parmina kuma lasin. Ka ce ka sa ɗanka lakwal maimakon makaranta, sai a tambaye ka ko ciwo ne. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shayinsu. Mu nan sai mu kashe rabin yini a kan buta ɗaya, ƙananan kofuna, na farko da na biyu da na uku, ana hira. Su kuwa mai shayi zai cika maka kofi kamar za ka yi alwala da shi, ya tuttula madara, ya yanko burodi, ya soya ƙwai, kana ajiye kofin ya zuba maka ido don wani na jiran bencin. Na tambaye shi ina na biyu. Ya ce in zan biya, ko na goma ne akwai.

Alhaji ya karɓe ni hannu biyu. Tun daga nesa ya gane ni, ya ba mutanen zaurensa labarin hanyar Tanut, har ya ƙara mata tsawo ya ƙara wa kansa ƙishirwa. Aka sauke ni a ɗakin baƙi, ga katifa, ga fanka in an kawo wuta. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da nama mai yawan da sai da na tuna gida na kasa gamawa. Ban tada maganar aiki ba, shi ma bai tada ba. Da gari ya waye ya ce in zo ya nuna mini garejinsa. Motoci biyu na gani a kan duwatsu babu taya, kaza tana kwance a kan ƙwai a ƙarƙashin ɗaya. Sauran ya sayar saboda tsadar mai da kayan gyara. Wadda ta rage tana hanya, ɗansa ne ke tuƙa ta, ƙanin ɗan kuma yana gida yana jiran wansa ya gaji. Alhaji bai ce mini babu ba. Zagawa ya yi ta yi da ni, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sanda, yana gaya mini yadda ya sayi kowace. Da na koma ɗaki na tarar an ajiye mini shadda a kan katifa, da kuɗin mota cikin ninkin. Na gane. Mutumin kirki ne, ya ba ni amsa ba tare da ya sa ni na yi tambaya ba.

To ga ni da shadda, babu aiki, kuma da bakina na ce ba zan koma haka ba. Da na dawo Dungas na tsaya a tasha ina kallon motar Magariya tana lodi, ƙafata ta ƙi zuwa. Sai na tuna Baffa Siddo.

Baffa Siddo Bafillace ne da ya daɗe da zama a wani ƙauye kusa da Guci, yana noma, yana da amalanken shanu. Wata damina motata ta nutse a kwari, da shef da baƙi daga Yamai a ciki, shanunsa ne suka fizgo mu. Tun daga ranar muka ƙulla. Shi Bafillace, ni Babarbare, kun san abin da ke tsakaninmu: bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawansa. Gaskiya ba aiki na je nema wajensa ba. Wurin zama na je nema, inda ba wanda zai ji nauyina.

Na same shi a gindin bishiya a ƙofar gida, ya miƙe ƙafa, gwiwoyinsa sun kumbura kamar ƙwarya. Ya daɗe yana kallona ina tahowa a ƙasa da jaka a kafaɗa. Ya ce, “Babarbare, ina ƙarfen naka? Ko ya sake nutsewa ka zo aron shanu?”

Ban san dalili ba, shi ne mutum na farko da na gaya wa kai tsaye. Na ce an sallame ni, Baffa, tun kafin damina. Bai yi mini jaje ba. Ya nuna bayan gida da haɓa, ya ce ga wasu biyu can su ma an sallame su, in je mu gaisa.

Bijimai biyu ne a turke, fari mai suna Kumandan da ja mai suna Ɗan Ja. Tun da gwiwa ta kayar da Baffa a tsakiyar damina ba a sake ɗaura musu karkiya ba. 'Ya'yansa maza suna Aljeriya wajen nema. Shanu na cin harawa, ba sa kawo komai, shi kuma ya yanke shawarar sayar da su ranar kasuwar Guci, su da amalanken gaba ɗaya. Yana faɗi yana kallon wani wajen. Inna, matarsa, ta kawo fura da nono mai kauri, ya ce in sha a hankali, cikin Barebari bai saba da abin kirki ba. Sannan ya ce tun da Allah ya kawo masa bawa har gida, ni zan kai su kasuwa in damƙa wa dillali. Na ce ban taɓa tuƙa shanu ba. Ya ce ashe duk shekarun nan parmin ƙarya nake yawo da shi.

Ranar kasuwa da hantsi ni da Inna muka ɗaura karkiya, shi yana daga tabarma yana ba da umarni. Igiyar dama ta Kumandan, ta hagu ta Ɗan Ja. Kar in kuskura in doki Kumandan, yana da riƙo. Na tambaye shi ina birki. Ya ce su sun san inda yake.

Hanyar Guci miƙaƙƙiya ce, ko makaho ba zai ɓata ba. Muna isa mararrabar farko shanu suka karya hagu. Na ja igiya, na yi musu magana da Hausa, na gwada 'yar Fillancin da na iya, har Faransanci na yi musu. Ko kunne ba su kaɗa ba. Suka bi wata 'yar hanya cikin karan gero, suka je ƙofar wani gida mai danga suka tsaya cak. Kafin in yi sallama wata mata ta fito tana jan buhun wake. Ashe ƙarar tayar amalanken ta ji, tayar tana da wani kuka da duk yankin ya sani. Ta gan ni ta tsaya, ta ce ina Baffa? Na ce yana gida ba lafiya, ni kuma ba lodi na fito ba, shanun zan kai a sayar. Ta ce to ba kasuwar za ka ba? Na ce can za ni. Ta ce to ɗora.

Na ɗora.

Haka muka yi ta yi. Ni ina riƙe da igiya don kar a ce ba na komai, su suna bin zagayen da suka saba yi da Baffa duk ranar kasuwa, gida gida. Nan gyaɗa, can tukwane da aka ce in sun fashe ni da Allah, gaba akuya mai kukan da ya fi na taya. Duk inda muka tsaya sai na sake bayanin sayarwa, duk inda na yi bayani sai a ce to ɗora. Matan suka gaya mini tun da Baffa ya kwanta, ko dai su ɗauka a ka, ko su sayar a ƙofar gida ga masu zuwa da babur, yadda suka ga dama su saya. A wani gida wata tsohuwa ta fito da ƙwaryar daddawa, Iya Gambo ake ce mata. Ta tsaya ta zuba mini ido ba ta hau ba, sai da aka raɗa mini cewa a wurinta nake zaune. Na matsa. Ni da na ɗauki manyan baƙi, ban taɓa ɗaukar fasinja mai iko irin nata ba. Ita ce ta riƙa gaya mini gidan wane ne wannan, wa ya haihu, wa ya tafi. Shekara da shekaru ina kawo mutane ƙauyukan nan, amma ni a mota nake zama ina jiran su fito. Ranar ce na fara sanin masu gidajen.

Akwai wani gida a ƙarshen zagayen da suka tsaya ba wanda ya fito. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga igiya zan kaɗa su, Iya Gambo ta dafa hannuna. Ta ce mai gidan ya rasu cikin damina, iyalinsa sun koma wajen dangi. Tsoho ne mai saƙar tabarma, ba ya da sauri, kullum Baffa sai ya jira shi. Ta ce in bar su. Muka zauna, har akuyar ta yi shiru. Shanun suka tsaya gwargwadon yadda suka saba tsayawa, sannan Kumandan ya girgiza kai, suka ja da kansu. Matan suka yi wa mamacin addu'a, muka shafa.

Mun isa Guci rana ta take. Aka sauke kaya, kowa ya kama gabansa, ban da Iya Gambo, da ta ce daga kan amalanke take cin kasuwarta tun da can. Na aika aka kira dillalin da Baffa ya faɗa mini. Ya zo ya buɗe bakin Kumandan ya duba haƙori, ya bubbuga Ɗan Ja, ya ce akwai mahauta daga kudu da za su so su. Kafin ya rufe baki matan da na kawo sun fara dawowa ɗaya ɗaya, wai wa zai mai da su gida da gishiri da mai da sabulun da suka saya? Dillali ya ce wannan ba matsalarsa ba ce, ya roƙi tsohuwa ta sauka ya duba katakon. Ta gyara zama ta ce, “Saye abinka, ɗana. Amma da ni a kai za ka saya, kuma ni sau uku nake ci a rana.”

Mutane suka taru ana dariya. Dillali ya dube ni, wai ni ne mai magana. Ni kuwa tun da ya ambaci mahauta na ji igiyar ta yi mini nauyi a hannu. Na ce masa ya yi haƙuri, yau dai ba za a yi ba. Ya ce duk ranar da na kawo su babu tsohuwa in neme shi.

Da la'asar muka juyo, zagayen nan dai, ta baya. Kowace in ta sauka sai ta shiga gida ta fito da wani abu: wannan tiyar wake, wannan gyaɗa, Iya Gambo daddawa. Na ce ni ban yi ciniki da kowa ba. Suka ce su ma ba su taɓa yin ciniki da Baffa ba, haka ake yi.

Baffa yana nan inda na bar shi. Ya dubi shanu, ya dubi ƙullin da ke kan amalanke, ya ce ya aiki Babarbare ya sayar da shanu, ya dawo masa da wake. Na ce tsoho, ka san abin da za su yi, da gangan ka tura ni. Ya rantse shi bai san komai ba, wai wayo na Barebari ne, Fulani kiwo kawai suka iya. Har yau ban yarda ba. Inna dai tana bakin murhu tana dariya.

Da muka ci tuwo ya bar wasa. Ya ce shi ƙafa ta ƙare, ko ta warke ba ta hawan amalanke ba ce. In ina so in riƙe su, duk abin da aka samu mu raba biyu. Ga kaka ta shigo, dammunan gero na jiran a kwaso su daga gona, ga kasuwanni ban da ta Guci, ga ɗakin babban ɗansa babu kowa. Sai ya ce, “Abu ɗaya dai, bawana. Nan ba wanda zai ce maka shofer. Mai amalanke za a ce. In ba za ka iya ji ba, faɗa mini yanzu, in kira dillali.”

Ban ba shi amsa a ranar ba. Na ƙara kwanaki ina kwasar gero daga gonaki. Na kifar da lodi sau ɗaya a gefen kwari, mai gonar ya taya ni tattarawa yana tambayata wai da gaske ne na taɓa kai mota har Yamai. Bayana ya yi ciwon da bai taɓa yi ba. Taya ta yi faci na gyara da kaina, nan kam Kumandan ya ga abin da na iya. Ba albashi ba ne, kar in yaudare ku, kuma babu sanyin mota. Amma da yamma in na kwance karkiya ina jin yunwa irin ta wanda ya yi aiki, wadda na manta da ita. Ranar da zan taho na ce wa Baffa kar ya kira dillali.

Iyakar da ta fi ba ni wuya a tafiyar nan ƙofar gidana ce. Na iso da rana, da rabin buhun wake da shaddar Alhaji. Maman Zara ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta ɗebi waken a faifai ta zauna tana tsincewa. Ba ta tambaye ni ba, ni na fara. Na gaya mata duka, tun daga garejin Alhaji har zuwa Iya Gambo. Sannan na kawo abin da na shirya tun a hanya. Na ce ita da yara su yi zamansu a nan Magariya, ni in riƙa zuwa ina komawa. Ba sai ta yi wa maƙwabta bayani ba, matar shofer suka san ta, in sun tambaya ta ce ina wajen aiki, ba ƙarya ta yi ba.

Ta daɗe tana tsintar waken nan, tana fitar da tsakuwa tana jefarwa. Har na fara tunanin ko in sake tsara maganar. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

“Ni ban ce maka zan zauna ba, Baban Zara. Gidan tsohon nan, rijiya tana da nisa?”